Amsar Tambaya: Labarin yarinyar da ta tsira daga Bosso

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Magariya. Ina son rubuta wa matasa labarin yarinyar da ta tsira daga harin Boko Haram, amma ina tsoron fama wa mutane tsohon miki.

Amsa: 'Yata, ki rubuta. Yaran da suka gudo har Damagaram bayan harin Bosso da Diffa na 6 ga Fabrairu 2015 yau sun girma, kuma ba kowa ya saurare su ba. Sai dai kada ki cika shafi da jini. Abin da ya biyo bayan harin ya fi nauyi: firgita in babur ya wuce, rashin barci, ranar komawa aji. Kada ki warkar da yarinyar a babi guda. In za ki tambayi wanda ya tsira, nemi yardarsa, ki sauya sunansa. In ya yi shiru, ki ƙyale shi.