Amsoshin Tambayoyinku: Wanke Hoto da Garin Kofi

Wani mai sauraronmu daga Manga, ƙasar Zuru a jihar Kebbi, yana tambaya ko zai iya haɗa ruwan wanke hoton baƙi da fari a gida, don yana son buga hotunan bikin Uhola da hannunsa.

To malam, sai mu ce ƙwarai kuwa. A 1995 Dakta Scott Williams da ɗalibansa a Rochester ta Amurka suka nuna cewa kofi na fito da hoto. A lita ɗaya ta ruwa, narka giram 54 na sodar wanki, sannan giram 16 na garin bitamin C, daga ƙarshe giram 40 na kofi irin Nescafé. Sodar ce ke tayar da kofin ya mayar da azurfar takardar hoton da haske ya taɓa baƙa. Kanwa 'yar'uwarta ce, amma ƙarfinta ba tabbas, ga yashi.

Yi aikin ƙarƙashin jar fitila, da ruwan randa, don zafin bazara kan sa hoton ya yi duhu da wuri. Zai fito da ɗan launin ƙasa-ƙasa, warin kuma sai haƙuri. Ruwan kafe hoto, wato haifo, shi kam dole ka saya.