Zango a cikin hamada

1. Mota mai ɗaki

Auta ɗan lakwal ne a garin Bune, cikin ƙasar Gure. Yana aji biyar. Ran nan malam ya nuna masu hoton wata mota cikin littafin faransanci. Motar tana da taga da labule. A cikinta akwai gado, da murhu, da tankin ruwa. Malam ya ce : « A Turai da Amurka mutane suna shiga irin wannan mota lokacin hutu, su tafi gandun daji na hamada. Da rana su yi yawo a ƙasa, da dare su kwana cikin motarsu. »

Bayan an ci tuwon dare, Auta ya iske kawunsa bisa tabarma yana dafa shayi. Kawu tsohon direba ne. Ya yi shekaru yana kai baƙi arewa.

— Sannu da hutawa, kawu.

— Yawwa, Auta. Ina lakwal ?

— Lafiya lau. Kawu, ka taɓa ganin mota mai ɗaki ?

— Na gan ta da idona a Agadas. A da, Turawa suna ƙetaro hamada daga Aljeriya, su biyo ta Asamaka da Arlit. Da rashin tsaro ya yi yawa, sai suka ragu ƙwarai. Amma motar nan nauyi gare ta, rairayi yana riƙe ta. In Termit za ka, sai ƙaramar mota mai ƙarfi, ko raƙumi. Kuma ai makiyayanmu sun riga Turawa. Raƙuminsu yana ɗauke da ɗakinsu : tabarmi, da sanduna, da salka.

2. Ina ne Termit ?

Termit jerin baƙaƙen duwatsu ne a arewacin Gure. Mai zuwa can yakan bi ta Kelle da Tasker. A gabas da duwatsun akwai babban filin rairayi da ake kira Tin-Tumma. Ruwan sama kaɗan ne yake sauka a wurin. Tubawa da Larabawa ne suka fi kiwon raƙuma a wannan yanki.

Ran 6 ga watan Maris 2012, gwamnatin Nijar ta mai da Termit da Tin-Tumma gandun daji. Faɗinsa a lokacin kilomita murabba'i 97.000 ne, wato ya fi ƙasar Togo girma. Ya shafi jihohi uku : Damagaram, da Difa, da Agadas. A shekara ta 2019 an sake zana iyakokinsa saboda aikin haƙar man fetur.

A cikin gandun akwai barewa, da ragon dutse, da kura, da dila, da yanyawa, da tuje, da babban kunkuru. Akwai mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar take ɗauke da sunanta. Akwai kuma wata farar dabba mai murɗaɗɗun ƙahoni, ana ce mata adaks. Tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, don ɗanyen haki da ganyen da take ci sun ishe ta.

3. Shirin tafiya

Auta ya ce : « Kawu, mi ake ɗauka in za a tafi ? »

Kawu ya ce : « Ruwa ne farko, ruwa ne ƙarshe. Ana lissafin ruwan kowane mutum na kowace rana, sannan a ƙara na kwana biyu ko uku, ko da mota za ta lalace. Ba a zuba shi duka cikin abu guda. In tulu guda ne ya fashe, an shiga uku. Bayan ruwa sai man mota, da taya biyu na canji, da shebur, da igiya. Abinci kuma mara saurin lalacewa : gari, da shinkafa, da dabino, da kilishi, da cuku, da shayi da sukari. Kowa ya zo da bargo, da rawani, da takalmi mai rufe ƙafa. »

Ya kurɓi shayi, ya ci gaba : « Abu uku ne ba a tashi sai da su. Na ɗaya, izinin hukuma. Na biyu, jagora ɗan ƙasar, wanda ya san rijiyoyi. Na uku, mota ta biyu. Mota guda ba ta shiga hamada ita kaɗai. Kuma kafin a tashi, a gaya ma mutanen gari hanyar da za a bi, da ranar komowa. »

Lokacin sanyi ne ya fi kyau da wannan tafiya, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara zafi yana iya kashe mutum. In an shiga rairayi mai laushi, direba yakan rage iskan taya. Tayar sai ta baje, ta daina nutsewa, kamar tafin raƙumi.

4. Yadda ake yin zango

Ana sauka tun rana ba ta faɗi ba, don a ga wuri da kyau. Ana zaɓen gefen tudu ko gindin dutse inda iska ba ya bugowa. Ba a kwana cikin ƙorama ko da ta bushe, don in an yi ruwa can bisa duwatsu, yana iya gangarowa da dare ya kwashe mutane da kaya. Ba a kwana bakin rijiya, don kar a tare ma makiyaya da dabbobinsu hanya.

Ba a sare ɗanyen itace. Aduwa ko kandili guda a hamada ya yi shekaru masu yawa kafin ya kai tsawon mutum. Busassun ƙirare kawai ake tsinta, a hura ƴar ƙaramar wuta. Kafin a tashi, a kashe ta, a rufe tokar da ƙasa. Leda, da gwangwani, da tsohon batir, duk a tattara su cikin buhu a komo da su. Dabba takan haɗiye leda ta mutu.

Kawu ya ce : « Ka san labarin itacen Tenere ? Shi kaɗai ne a tsaye tsakiyar hamada, ayari suna gane hanya da shi. A shekara ta 1973 wata babbar mota ta buge shi. Yanzu gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Na ƙarfe kuwa ba ya yin ganye. »

Da safe kowa ya kakkaɓe takalminsa da bargonsa kafin ya taɓa su, saboda kunama da maciji suna son wuri mai ɗumi.

5. Baƙon da ya ɓace

— Kawu, an taɓa ɓacewa a gabanka ?

Kawu ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce : « Sau ɗaya. Mun sauka gindin duwatsun Termit. Da asuba wani baƙo ya ɗauki abin ɗaukar hoto, ya fita shi kaɗai, bai gaya ma kowa ba. Ruwan da ya ɗauka bai kai lita guda ba. A ransa, sawunsa zai biyo ya komo. Da hantsi iska ya taso, ya share sawun duka. Tuddan rairayi kuwa kamarsu ɗaya.

« Da muka ga babu shi, sai hankalinmu ya tashi. Na ce mu watsu ko'ina. Jagoranmu, wani dattijon Batube, ya hana. Ya ce in mun watsu, maimakon mutum guda, shida za a nema. Ya sa ni in zauna wurin mota, ina busa oda lokaci lokaci. Shi kuma ya ɗauki salka da mutum guda, ya kewaya zangon. Can bayan wani dutse, inda iska bai kai ba, ya ga sawu uku. Daga nan ya gane inda baƙon ya dosa.

« Sai la'asar suka same shi. Leɓɓansa sun tsage, muryarsa ba ta fita. Abu guda ne ya yi daidai : da ya ga ya ɓace, bai ci gaba da tafiya ba. Ya zauna inuwar dutse, ya shimfiɗa jar rigarsa a sama. Rigar ce suka hango. Dattijon ya jiƙa mashi kai, ya dinga ba shi ruwa kaɗan kaɗan, har ya farfaɗo. »

Auta ya ce : « Da ya ci gaba da tafiya fa ? »

Kawu ya ce : « Da ba mu same shi da rai ba. »

6. Dabbar da take ƙarewa

— Kawu, ka ga adaks ?

— Na gan su garke guda, daga nesa. Muka kashe mota, muka yi shiru har suka wuce. Ba a korar su da mota don a ɗauki hoto. Dabbar da ta yi gudu cikin zafi tana iya faɗuwa ta mutu.

A da adaks tana ko'ina cikin Sahara. Farauta da mota da bindiga ce ta kusa ƙarar da ita. A shekara ta 2016 masu bincike sun duba yankin da jirgin sama da motoci, guda uku kawai suka gani. Jimina ma ta ɓace daga dajin, shi ya sa aka buɗe wurin kiwonta a Kelle, don a mai da ita gidanta wata rana.

Auta ya ce : « In na girma, aikin tsaron gandun daji zan yi. »

Kawu ya miƙa mashi kofin shayi na ƙarshe, ya ce : « Allah ya sa ka iske su. Amma fara da na kusa. Kana ganin yadda rairayi yake cin kwarin da muke noma da ɗibar kanwa. Gobe ka biyo ni mu je kafa shinge bisa tudu. »

Mu riƙe

Mai shiga hamada yana tafiya da izini, da jagora, da isasshen ruwa. Ba ya yawo shi kaɗai. In ya ɓace, ya zauna inuwa, ya sa alama. Ba ya sare itace, ba ya korar dabba, ba ya barin shara.

Ma'anar kalmomi

Zango : wurin da matafiya suke sauka su kwana.
Jagora : mai nuna hanya.
Gandun daji : dajin da hukuma ta hana farauta da saran itace a cikinsa.
Salka : jakar fata ta zuba ruwa.

Tambayoyi

1. Don mi mota mai ɗaki ba ta iya zuwa Termit ?
2. A wace shekara aka kafa gandun Termit da Tin-Tumma ?
3. Faɗi abu uku da ba a tashi sai da su.
4. Don mi jagora ya hana mutane su watsu ?
5. Wane kuskure baƙon ya yi ? Wane abu ya yi daidai ?

Lissafi

Mutum 6 za su yi kwana 5 a hamada. Kowa yana bukatar lita 10 ta ruwa a rana. Za su ƙara ruwan kwana 2. Lita nawa za su ɗauka ? Jarka nawa ke nan mai cin lita 20 ?

Aiki

Ku tambayi dattawan unguwarku sunayen namun dajin da ake gani kusa da Bune a da, amma yanzu babu su. Ku rubuta sunayen da hausa da faransanci cikin littafinku, ku kawo ran Litinin.