Amai da Sunayensa: Yadda Ake Yi wa Likita Bayani

A unguwar Bulumkutu, yamma da birnin Maiduguri, akwai babban asibitin da aka sa wa sunan Farfesa Umaru Shehu, masanin kiwon lafiyar jama'a wanda ya rasu a 2023. Masu zuwa asibiti a wannan birni sun haɗa da Barebari da Shuwa da Babur da Margi da Fulani, amma in aka zo gaban malamin asibiti, galibi da Hausa ake magana. Sau da yawa kuwa abin da mai jinya yake iya faɗa bai wuce "yaron yana amai" ba. Wannan magana gaskiya ce, sai dai ba ta ishi likita ba, domin amai ba cuta ba ne shi kansa. Alama ce, kuma cututtukan da ke kawo ta sun fi a ƙirga.

A Turance likitoci sukan rubuta emesis, kalmar da suka aro daga Girkanci, su yi mata ƙari gwargwadon irin aman. Ba a bukatar jama'a su haddace wannan. Hausa tana da nata kalmomin, waɗanda in an yi amfani da su daidai sun wadatar.

Da farko akwai tashin zuciya, watau jin amai na tafe alhali bai zo ba, yawu na taruwa a baki. Sai kakari, inda mutum yake ta yunƙuri ba abin da ke fita. Amai kansa, wanda ake kuma ce wa haraswa, aikin ƙwaƙwalwa ne: daga ƙasanta umarni ke fitowa, sai naman ciki da tantanin da ya raba ƙirji da ciki su matse tumbi da ƙarfi, abin da ke ciki ya yo waje. Shi ya sa wanda ya bugu a ka, ko wanda mota ta juya wa kai a hanyar Damaturu, yakan yi amai ba tare da ya ci wani mugun abu ba. Ƙwarnafi kuwa dabam yake, ruwa ne mai tsami ke tasowa ya ƙona ƙirji ba da yunƙuri ba. Kumallo shi ne ruwa mai ɗaci, rawaya, da kan fito in ciki ba kome, musamman da sassafe.

Wajen jarirai ne kuskuren suna ya fi haɗari, don haka ya kamata a tsaya a nan. Tumbuɗi shi ne ɗan nonon da ke dawowa bakin jariri bayan ya sha, a hankali, yana kuwa wasansa, nauyinsa na ƙaruwa. Wannan ba ciwo ba ne, tsofaffi ma sun san haka. Amma idan jariri ɗan mako 2 zuwa 8 yana feso nono da ƙarfi har ya tsallake cinyar uwarsa, ya gama ya sāke neman nono da yunwa, yana kuma ramewa, to wannan ya wuce tumbuɗi. Mai yiwuwa ne ƙofar da abinci ke bi daga tumbi zuwa hanji ta tsuke, kuma ƙaramin aiki na fiɗa yana gyara ta. Idan kuwa aman jariri kore ne shar kamar ganye, kada a ce kumallo ne. Ruwan matsarmama ne ya rasa hanyar wucewa, alamar hanji ya toshe ko ya murɗe, kuma sa'o'i kaɗan ke tsakanin ceto da hasara. A tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Haka nan maganar jini. Aman jini daga tumbi ko maƙoshi yake fitowa, wani lokaci ja, wani lokaci baƙi-baƙi kamar dusar kofi, kuma gyambon ciki da ciwon hanta na cikin masu kawo shi. Jinin da ke fitowa da tari, mai kumfa, daga huhu yake, a nan kuwa tarin fuka, watau tibi, ake fara tuhuma. Mutane kan haɗa su duka biyu su ce "ya yi aman jini", sai a ɓata lokaci ana binciken ciki alhali cutar tana ƙirji.

Sunan da ya fi kowanne nauyi a Borno shi ne amai da gudawa, watau kwalara. Cutar ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, kuma a 1991 ta kama mutum fiye da 59,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 7,000. A watan Agusta na 2017 ta ɓulla a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garage a gefen Maiduguri. Bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye yawancin birnin, gwamnatin jihar ta sāke ba da sanarwar ɓullarta a watan Oktoba. Ba kowane amai da zawo ne kwalara ba. Alamarta ita ce zawo tsararo mai yawa, fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa, sau da yawa ba zazzaɓi. Zawo mai jini da majina atuni ne, maganinsa dabam. Abin da ke kisa a kwalara shi ne ƙarewar ruwan jiki: ido ya faɗa, harshe ya bushe, fitsari ya ɗauke, fata in an tsunkula ta daɗe ba ta koma ba, jariri kuma maɗigarsa ta loɓa. Ƙato lafiyayye yana iya galabaita cikin yini guda.

A nan akwai wata al'ada da ya wajaba a bari, ta hana mai amai ruwa wai don kada ya ƙara yi. A jiƙa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. In ya amayar, a dakata minti 10, a ci gaba a hankali, kuma kada mai shayarwa ta janye nono. Ana yin wannan ne a kan hanyar asibiti, inda za a yi masa ƙarin ruwa in ya kasa sha.

Sauran a taƙaice suke. Yaro mai zazzaɓi da ke amayar da duk abin da aka ba shi, ko yake jijjiga, ko ya kasa farkawa sosai, ƙwayar maganin zazzaɓin cizon sauro ba za ta zauna masa ba, allura yake bukata. Amai da ciwon kai da ƙagewar wuya, musamman da bazara, sanƙarau ake tsoro. Laulayin mai ciki yakan lafa bayan wata 3 ko 4, amma wadda ko ruwa ba ya zama a cikinta, ta je awo ba da jinkiri ba.

Saboda haka wanda ya kawo majinyaci ya zo da amsar waɗannan: yaushe aman ya fara, sau nawa, wane launi, da ƙarfi yake fitowa ko a hankali, kafin cin abinci ko bayansa, me ya ci, wane magani ya sha, har da jiƙo da na gargajiya, kuma ko wani a gidan yana irin wannan ciwo. Idan majinyacin ya suma ko barci ya yi masa nauyi, a kwantar da shi a gefe guda, kada a bar shi rigingine, kada kuma a ɗura masa kome, domin aman yana iya shiga huhunsa.