Kuɗi Zan Ba Ta Ko Kaya?

Tambaya: Ƙawata za ta yi aure. A bikina atamfa da tukwane ta kawo mini, ni kuwa kuɗi nake so in ba ta. Da laifi?

Amsa: 'Yar'uwa, babu laifi, sai dai ki tuna gudummawar biki ramawa ake yi, har da ɗan ƙari in da hali. Ki je kasuwa ki ji farashin atamfar da tukwanen a yau, kada ki yi lissafi da kuɗin shekarar aurenki, don naira ta faɗi. Ki kai da wuri, tun ana haɗa kayan ɗaki, lokacin da iyayenta ke neman cikon kuɗin katifa ko labule. Ki sa a ambulan da sunanki, ki damƙa mata ko mahaifiyarta a keɓe. In ta banki kika tura, ki kira ta da bakinki. Saƙon banki ba gaisuwa ba ne.

Liƙi kuwa ki bar shi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana, kuma abin da aka watsa a fili makaɗa na iya kwashewa.