Wa ke zaune kusa da yaro lokacin kallo?

Mu da muke koyar da ƙananan yara a Kakuri mun san cewa abin da aka kalla jiya da dare, shi ake maimaitawa a filin wasa idan an tashi tara. Iyaye sun fi lura da naushi da ashar. Amma ƙofar da mugun hali ke bi ya shiga zuciyar yaro, ita ce tausayi da taimako ke bi. Tun 1961 Albert Bandura ya nuna a Jami'ar Stanford cewa yaran da suka ga babba yana dukan 'yar tsana sukan kwaikwaye shi. A 1975 kuma wasu masana biyu a Amurka, Friedrich da Stein, suka nuna wa yara shirin Mister Rogers mai koyar da zaman lafiya, sannan aka sa wasu daga cikinsu su maimaita abin da suka gani cikin wasa da 'yan tsana. Taimakon juna ya fi bayyana a wurin waɗannan, musamman maza. A nan hujjata take: shiri mai kyau yana aiki, amma aikinsa bai cika ba sai babba ya sa baki.

Wani zai ce tarbiyya ta gida ce da Islamiyya da coci, akwatin talabijin ba ya renon ɗa. Gaskiya ne, kuma ba na neman a miƙa wa talabijin amanar da Allah ya ɗora wa iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce kada kallon ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana. Sai dai akwatin ya riga ya shigo ɗaki, waya tana hannun yaro, ko an kashe akwatin gida akwai na maƙwabta. Zaɓi shi ne ya rage mana. Shirin yara na Sesame Square, da aka fara nunawa a NTA a 2011, ya sa wata 'yar tsana mai suna Kami, marainiya mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, tana wasa da wani ɗan tsana mai suna Zobi ba ƙyama. A unguwar da Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo ke ɗiban ruwa a famfo ɗaya, wannan darasi ba ƙarami ba ne.

Uzurin da ya fi nauyi shi ne rashin lokaci, kuma ba na raina shi. Tun da masaƙar KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi baya, gidaje da yawa a Kakuri uwa da uba duk buga-buga suke yi har dare. To, abin da ake nema bai kai cin tuwo daɗewa ba. Kaka, ko yaya, ko uwa tana tsintar shinkafa, ta tambayi yaro: me ya sa wancan ya yi kuka, wa ya lallashe shi, kai da me za ka yi? Washegari idan ƙaninsa ya faɗi, a tuna masa, a bar shi ya ɗaga shi da kansa.