Abincin da Ke Ƙarewa a Bola: Darasi ga Matasa Ma'aikata da 'Yan Kasuwa

 

Ya ku 'yan'uwa matasa, darasinmu na yau a kan abinci ne, da yadda ake tozarta shi a makarantun kwana, da asibitoci, da gidajen sayar da abinci, da kasuwanni, da wuraren walima. Na fuskanto ku ne musamman domin ku ne ke aiki a waɗannan wurare. Kai ne yaron shago, kai ne mai kula da sito, kai ne mai raba abinci a ɗakin taro, kai ne kuma angon gobe.

Wata rana an gayyace ni walima a wani ɗakin taro a Gusau. Da aka watse sai na bi ta bayan ginin don in ɗauki babur ɗina, na tarar da samari biyu suna juye shinkafa cikin buhunan shara, har da yankan nama a ciki, wasu robobin ko buɗe su ba a yi ba. Na ce, "Samari, ina za a kai wannan?" Ɗayansu ya ce, "Malam, bola mana. Mu dai an ce mu share wuri kahin magariba." Ban ga laifin yaron sosai ba, umurni aka ba shi. Amma a bakin ƙofar gaba, inda manya suka ajiye motoci, akwai mata da yara tsaye da kwanoni, mai gadi yana korar su. Tsakanin masu kwanonin da buhunan sharar nan bango ɗaya ne kawai.

To, ka sani malamai sun rarrabe tsakanin israfi da tabziri. Israfi shi ne wuce iyaka a cikin abin da asalinsa halal ne, kamar mutum ya dafa na ɗari alhali baƙinsa hamsin ne. Tabziri kuwa, watau almubazzaranci, shi ne sanya dukiya inda ba muhallinta ba. Wanda ya cika tukunya fiye da bukata, sa'an nan ya juye ragowar a kwata, ya haɗa duka biyun. Allah Ya halatta ci da sha a Suratul A'arafi aya ta 31, a nan take kuma Ya hana wuce iyaka. A Suratul Isra'i aya ta 26 da ta 27 Ya danganta almubazzarai da shaiɗanu, dangantaka ta 'yan'uwantaka. Ka lura da abu guda: a cikin aya ta 26 ɗin, kafin a ambaci almubazzaranci sai da aka fara umurni da ba dangi da miskini da matafiyi hakkinsu. Ashe abin da ake zubarwa yana da mai shi.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai raina ko da loma guda ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa ya yi umurni idan loma ta faɗi a ɗauke ta, a share abin da ya taɓa ta, a ci, kuma a suɗe akushi, domin mutum bai san a wane ɓangare albarkar take ba. Anas kuma ya ba da labarin ya tsinci dabino ɗaya a hanya, abin da ya hana shi ci kawai tsoron kada ya zama na sadaka ne. In haka ne hukuncin dabino guda, ina ga buhun shinkafa?

Yanzu mu dubi inda hatsin nan yake fitowa. Tun kafin a cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996 an san ƙasar nan da noma. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, gyaɗa da auduga ne suka cika taragunsa. Ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu, daga 'Yankuzo zuwa Nahuce da Kwatarkwashi, ƙasar gero ce da dawa da masara da wake. Dattawanku suna iya ba ku labarin farin 1973, da yadda mutane suka koma cin abin da a da dabbobi ake ba. Amma a shekarun nan wata masifa ce daban ta sami manomi. Ba boyayyen abu ba ne, a ƙauyuka da yawa 'yan bindiga sun ɗora wa mutane haraji kafin su yi shuka, su sake ɗora wani kafin girbi. Wasu sun bar gonakin sun dawo gari gudun hijira, wasu an kashe su a bakin kunya da fartanya a hannu. Saboda haka tiyar dawa da ta iso kasuwar Gusau ba gumi kaɗai aka biya a kanta ba. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa. Duk wanda ya karanta aya ta 112 a Suratun Nahli, inda aka buga misali da alƙaryar da take cikin aminci da wadata har ta butulce, aka ɗanɗana mata yunwa da tsoro tare, lalle jikinsa ya yi sanyi. Ba ina cewa talakan ƙauye ne ya jawo wa kansa ba, Allah Ya kiyashe ni da faɗin haka. Mu da muke cikin gari muke ci mu rage, mu ya kamata ayar ta tsorata.

Abin ba a nan kaɗai ya tsaya ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2024 cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kusan kashi 19 cikin ɗari na abin da ya isa hannun masu ci. Kashi 60 cikin ɗari na wannan daga gidaje ne, kashi 28 daga wuraren dafawa da sayarwa, kashi 12 daga kantuna. Rahoton ya kuma nuna ba halin ƙasashen masu kuɗi ba ne kaɗai, matalautan ƙasashe ma suna zubarwa, kuma zafin gari yana ƙara saurin lalacewa.

Bari in daɗe kaɗan a madafar makarantar kwana, domin a can ne ɓarna ta fi samun wurin ɓuya. Na yi shekaru ina koyarwa a wata makaranta, na ga yadda abin yake tafiya. Ana auna wa kuku hatsi bisa yawan sunayen da ke cikin rajista, ba bisa yawan yaran da ke nan ba. A ce sunaye 600 ne, amma makon farko na komawa hutu rabinsu ba su iso ba, ranar ziyara kuma iyaye sun kawo abincin gida. Duk da haka mudu ɗaya ba a ragewa. Sa'an nan ga rashin kyan girki: wake da tsakuwa, tuwo da gudaji, miya kamar ruwan wanka. Yaro ya kai loma biyu ya ture, a kwashe a zubar, gobe a sake. Na taɓa yi wa kukunmu magana, ya ce da ni, "Malam, abin da anka auna muna shi muka dahwawa, kuma ai na gwamnati ne." Wannan kalma ta "na gwamnati ne" ta halaka dukiya mai yawa a ƙasar nan. Dukiyar gwamnati dukiyar jama'a ce, da hakkin maraya a ciki da na gwauruwa. Wanda ya ɓarnatar da kayan mutum ɗaya zai iya zuwa ya nemi gafararsa. Wanda ya ɓarnatar da na jama'a, wa zai bi ya roƙa?

Maganin kuwa ba ya bukatar kwangila. A ƙirga masu ci kafin a ɗora tukunya. A asibiti a tambayi ma'aikatan jinya da safe, wa aka sallama, wa aka hana ci saboda tiyata. A zuba kaɗan, mai son ƙari ya dawo, domin abin da ya rage a tukunya yana da amfani, wanda aka jagwalgwala a kwano kuwa ya tafi. Abin da na fi ba da ƙarfi a kai shi ne awo: a ajiye bokiti ɗaya da sikeli, a auna abin da ake zubarwa kullum har kwana bakwai, a rubuta a littafi, a kai wa shugaba. Mutane ba sa gaskata ɓarna sai sun gan ta da alƙalami.

Kai kuma mai riƙe da mabuɗin sito, ka sani amana ce a wuyanka, kuma an ruwaito cewa kowa makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Buhun da ya fara shiga shi zai fara fita. Kada ka jibge sabo a gaba ka bar tsoho a lungu sai ƙwari sun mai da shi gari. Ka ɗora buhuna a kan katako, ka janye su daga bango, ka toshe yoyon kwano kafin damina. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya tsara wa Masar ajiyar shekara bakwai, cewa ya yi a bar hatsi a zangarniyarsa, kuma iyayenmu da ke zuba damman gero a rumbu a kan wannan hikima suke. Ga wake kuma akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne a ciki da buhu a waje, in an ɗaure da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu. Ya fi a yayyafa wa wake fiya-fiya, a ceci buhu a cutar da mai ci.

A kasuwa, masu gwari su suka fi kowa kuka. Ana jera kwandunan tumatir wani kan wani a mota, na ƙasa ya isa a matse, rana ta ƙarasa sauran. Wani malamin makaranta a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sanya ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa yana janye zafi, kayan miya su ƙara kwanaki. An ba shi lambar yabo ta Rolex a kan haka a shekara ta 2000. Wanda ya ga tumatir ɗinsa ba zai kai gobe ba, ya karya kuɗinsa da yamma ko ya yanka ya shanya kauɗa. Abin da ba ya halatta shi ne a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan kwando a jera mai kyau a sama. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ciki, ya tsawata wa mai shi, ya kuma barranta daga mai algus.

Mu koma kan walima. Abdurrahman ɗan Aufu attajiri ne, amma da ya yi aure akuya ɗaya aka nuna masa ta isa. Walimar Nana Safiyya kuwa ba nama ba gurasa, dabino ne da cuku da man shanu. Yau saurayi zai ci bashi don kada a ce walimarsa ba ta kai ta wane ba. Haka abin yake a buɗe-baki na azumi a wasu masallatan unguwannin masu hali: kunu da ƙosai har su yi yawa a kwana da su, alhali wani masallaci a bayan gari ruwa kawai ake sha. Kwamitin masallaci ɗaya da babur mai kafa uku sun isa su daidaita wannan.

Kada wani ya ce ba a iya gyara babban abu. Alhazan da suka sauke farali a shekarun 1970 sun ga yadda naman hadaya yake zube a Mina har ana binne shi. A 1983 aka ɗora wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi aikin yankawa da sanyayawa da rarraba naman, ya riƙa isa ga matalauta a ƙasashe da dama. Faransa ma a 2016 ta kafa doka ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai saidu ba, ta wajabta musu miƙa shi ga ƙungiyoyin agaji.

Sai dai akwai gargaɗi a nan. Wasu sun mai da almajiri bolar gidansu. Abinci ya kwana, ya yi yami, ya fara yauƙi, sai a ce a kira almajiri, a kuma ɗauka an yi sadaka. Allah Ya hana a nufi mummuna a bayar a Suratul Baƙara aya ta 267, Ya kuma kafa mana ma'auni: abin da kai ba za ka karɓa ba sai da runtse ido. Masana lafiya sun ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba, balle shinkafa a zafin bazarar Gusau. Don haka mai gidan abinci ko mai walima ya san wanda zai ba tun kafin a ɗora tukunya: makarantar allo ta kusa, ko 'yan gudun hijira, ko masu jinya da suka zo daga ƙauye suna kwana a barandar asibiti. A kai musu da ɗuminsa, a cikin kwano mai murfi. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan ilimi, tuwon dare ya zama ɗumame, ƙanzo a shanya a daka a yi kwaɗo. Abin da ya wuce cin mutum a ba kaji da awaki, ɓawo da ruɓaɓɓen ganye a tara a rami su zama taki.

Ga aikin da na ba kowane ɗayanku kafin darasi mai zuwa. Ka dubi wurin da kake aiki ko kake karatu, ka tsaya a inda ake wanke tukwane bayan an gama ci, kwana bakwai a jere. Ka rubuta me aka zubar, kwano nawa, kuma me ya sa. Kada ka yi wa kowa faɗa, kada ka kunyata kuku a gaban mutane. In kwanakin sun cika ka sami shugaban wurin shi kaɗai, ka gaishe shi, ka nuna masa takardar, sa'an nan ka zo mana da amsar da ya ba ka.