Safar Hannu da Hannun da Ba Ya Jin Sanyi

Darasinmu na wannan mako a kan safar hannu ne. Kada ku yi dariya tukuna, ku karanta.

A kowane gefe na wuyanmu akwai jijiyoyi biyar da suka fito daga lakar ƙashin baya, suka sarƙe kamar kitso, suka bi ta kafaɗa har zuwa yatsu. Su ke kai wa hannu umarnin motsi, su kuma ke sanar da ƙwaƙwalwa zafi da sanyi. Wani lokaci wajen haihuwa kafaɗar jariri takan maƙale, sai jijiyoyin nan su miƙe fiye da kima ko su tsinke. Wani likita ɗan Jamus, Wilhelm Erb, ya yi bayanin irin wannan shanyewar hannu a shekarar 1874, shi ya sa likitoci ke kiranta da sunansa. Jarirai da yawa sukan warke cikin watanni. Wasu kuwa haka hannun zai zauna da rauni.

To, ina ruwan safa da wannan? A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, kamar Kanada, yaro ba ya fita wasa hannu tsirara. Amma hannu mai rauni yakan fi ɗan'uwansa ƙanƙanta, ga shi masu ɗinki girma ɗaya suke yi wa safar dama da ta hagu. Mu idan safa ta fara zamewa mukan ji, mu dunƙule yatsu. Shi ba lallai ya ji ba. Sai ta faɗi ya ci gaba da wasa, sanyi yana cin yatsunsa, wani lokaci har ya kashe fatar.

Shi ya sa iyaye a can suka fi son safa mai kama da jaka, wadda yatsu huɗu ke zama wuri ɗaya, babban yatsa kuma a ɗakinsa. Cusa yatsu biyar da ba sa miƙewa cikin rami biyar aiki ne, ku tambayi duk wanda ya taɓa sa wa ƙaninsa sutura yana kuka. Ana zaɓar mai dogon wuya, a sa ta kafin rigar sanyi, don hannun rigar ya danne ta. Wasu sukan maƙala ta a hannun rigar da ɗan maɓalli. Wasu kuma igiya suke zurawa ta cikin hannayen riga ta haɗa safar biyu, amma mu wannan ba ta kwanta mana ba ga ƙaramin yaro, domin igiya tana iya naɗe wuya. Wadda ta fi burge mu ita ce mafi araha: doguwar safar ƙafa, a zura ta har gwiwar hannu. Kowace aka zaɓa, hannu mai rauni ake fara sa wa, kuma kada robarta ta matse, tunda yaron ba zai ji ba balle ya yi ƙorafi.

Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma muna da hunturu, kuma haɗarinmu ya fi karkata ga wuta. Da asuba yara kan kewaye garwashi suna miƙa hannu. Mai lafiya da ya ji zafi zai janye. Hannun da jijiyarsa ta lalace yana iya ƙonewa mai shi bai sani ba. Don haka idan akwai irin wannan yaro a gidanku ko a ajinku, a ɗumama masa hannun da tafin hannu ko a cikin riga, a taɓa ruwan wanka kafin ya sa hannu, a kuma riƙa duba yatsun ko sun yi sanyi ƙalau ko sun tsage. In safarsa ta faɗi a filin taro, a ɗauka a sa masa, ba sai ya roƙa ba.